Yadda za a jagoranci nazarin Yohanna 9:39-41

Kada a fara da aya ta 39, inda Yesu ya ce ya zo duniya domin hukunci, makafi su gani, masu gani kuma su makance. Wanda ya tsinke ta ita kaɗai zai ɗauka Allah na makantar da mutane haka kawai. A karanta sura ta 9 duka da murya, ayoyi 41 ne. A raba wa mutum huɗu: 1-12, 13-23, 24-34, 35-41.

Daga nan a ja layi a tsakiyar allo. A gefe ɗaya a rubuta yadda mutumin da aka haifa makaho yake kiran Yesu bayan ya wanke ido a tafkin Siluwam ya samu gani: a aya ta 11 mutum ne kawai mai suna Yesu, a ta 17 annabi, a ta 33 wanda ya zo daga Allah, a ta 38 kuma Ubangiji, har ya yi masa sujada. A ɗaya gefen a sa kalmar Farisiyawa, masu tsananta bin Attaura a cikin Yahudawa, "mun sani", a aya ta 24 da ta 29. Jagora ya yi shiru, jama'a su gano da kansu cewa idon wancan yana ta buɗewa, na waɗannan yana ta rufewa. Nan zuciyar darasin take, ta cancanci rabin lokacin.

Da wuya a tashi wani bai kawo Yohanna 3:17 ba, inda aka ce ba a aiko Ɗan don ya hukunta duniya ba. A ce ya ci gaba har aya ta 19: haske ya zo, mutane suka fi son duhu. Zuwan hasken ne ke tona inda kowa ya tsaya.

Wuri biyu ake yawan zamewa. Na farko, a haɗa makantar ido da zunubi, alhali Yesu ya kawar da wannan zato tun a aya ta 3. In akwai makaho a taron, a kula da harshe. Na biyu, hira ta koma kan "mutanen can" da ba sa zuwa ikkilisiya. Waɗanda aka tsauta wa a aya ta 41 Farisiyawa ne, masana Attaura, masu cewa suna gani. Saboda haka tambayar rufewa ta fuskanci masu zaune: a ina nake cewa "na sani" don kada a gyara ni?

In lokaci ya rage, a duba Ishaya 6:9-10 tare da Yohanna 12:40.