Yadda Za Ka Ziyarci Gidan Marayu a Kumasi Yaro Ya Amfana

Duk shekara idan azumi ya kama, matasan unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi sukan haɗa kuɗi su kai shinkafa da mai da sabulu gidan marayu, a ɗauki hoto a watse, sai kuma baɗi. Abincin yana da amfani, amma abin da yaran suka fi rasa shi ne babban mutum ɗaya wanda suka tabbata zai dawo. Binciken da aka fara a ƙasar Romaniya a shekarar 2000 ya nuna cewa yaran da aka ɗauke daga gidajen reno aka ba iyalai riƙonsu, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari a can kaifin basira da shaƙuwa da mutane.

Ka fara da ofishin jin daɗin jama'a, wanda ke sa ido kan waɗannan gidaje bisa Dokar Yara ta Ghana ta 1998, domin ka tabbatar gidan yana da rajista. Sannan ka tsai da rana guda, ko da Asabar ɗaya ce a wata, kada ka saɓa, domin yaron da aka taɓa bari yana ƙirga alkawari fiye da yadda kake zato.

Idan ka je, kada ka tambayi yaro yadda iyayensa suka rasu, kada kuma ka kira shi maraya a gabansa, ai yana da suna. Ka zauna ka lura da abin da ya iya. Akwai yarinyar da ita ce ke lallashin ƙanana idan sun yi kuka, akwai yaron da bai cika magana ba amma ya haddace sura tun karatu na biyu, wani kuma shi ke raba gardama a filin ƙwallo. Ka ba kowa aikin da ya dace da baiwarsa, kuma idan za ka yaba, ka ambaci ainihin abin da ya yi, domin "yaron kirki" kawai ba ya zama a zuciya. A ganina tausayin da ya yi yawa yana karya yaro, amanar da aka ba shi kuwa tana miƙar da shi. Idan ɗan zango ne da ya tashi cikin Turanci da Asantanci, ka yi masa Hausa, ka yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, don kada ran da ya koma cikin dangi ya zama baƙo.

Da yawa daga cikin yaran suna da uwa ko kaka a raye, talauci ne ya raba su. Ka taimaki ma'aikatan wajen neman dangin, ka kuma bincika ko iyalin sun cancanci tallafin LEAP, wato kuɗin agaji ga iyalai matalauta da gwamnati ta fara bayarwa a 2008. Hoton yaro kuwa kada ya hau Facebook. Idan tafiya ta kama ka har za ka daina zuwa, ka gaya masa da bakinka tun da sauran makonni, ka kuma faɗa masa wanda zai maye gurbinka.