Yadda ake fara tafiyar siyasa daga mazaɓar karkara

Wanda yake son shiga siyasa daga ƙauye ya fi samun gindin zama idan ya fara da kujerar kansila ko shugabancin ƙaramar hukuma. Mai Mala Buni ya fara da kansila a ƙaramar hukumar Gujba a 1991 kafin ya zama gwamnan Yobe a 2019, Dikko Raɗɗa kuma ya riƙe ƙaramar hukumar Charanchi kafin ya hau kujerar gwamnan Katsina a 2023.

Kafin ka buga fasta ko ɗaya, gyara takardunka. A Najeriya babu ɗan takara mai zaman kansa, dole jam'iyya ta tsayar da kai. Don haka ka yanki katin jam'iyya a mazaɓarka, ka kuma duba da idonka cewa sunanka ya shiga rajistarta. Idan katin zaɓenka na birni ne, je ofishin INEC a mayar maka da shi gida tun rajista na buɗe. Ana buƙatar shaidar kammala sakandare ko makamanciyarta. Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa: suna a takardar makaranta daban, a katin ɗan ƙasa daban, ranar haihuwa ma ta saɓa. Abokin hamayya wannan yake jira ya garzaya kotu. Ma'aikacin gwamnati mai neman majalisar jiha sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2018 ɗan shekara 25 na iya neman wannan kujera.

Zaɓen kansila da na ciyaman hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya su, kamar KANSIEC a Kano, in ban da Abuja inda INEC ke yi. Kuɗin fom da sharuɗɗa sun bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka ka karɓi ƙa'idojin a rubuce. Kano, misali, ta sa an yi wa 'yan takara gwajin ƙwaya.

Babban aikin yana cikin jam'iyya. A karkara da wuya a kai ga kaɗa ƙuri'a a zaɓen fidda gwani. Galibi masalaha ake yi, dattawa su zauna su tsayar da mutum. Ka fara gano ko akwai tsarin karɓa-karɓa tsakanin ƙauyukan mazaɓar. In wannan karo ba na garinku ba ne, kuɗinka kawai za ka ƙona, gara ka mara wa wani baya bisa yarjejeniya a gaban shaidu. In naku ne, bi shugabannin jam'iyya na mazaɓa ɗaya bayan ɗaya har gida, kada ka raina shugabar mata, domin ita ke shiga gidajen da kai ba ka isa ka shiga ba. Gaida mai unguwa da dagaci da hakimi wajibi ne, amma kada ka nemi su fito su yi maka kamfen. Jefa su cikin rigima ne. Ubangida yana buɗe ƙofa, sai dai wanda ba shi da jama'ar kansa, ranar da suka ɓata da maigidan ranar siyasarsa ke mutuwa.

Ranar zaɓe, sa wakili a kowace rumfa, ɗan wurin, mai iya karatu da lissafi. Ba shi abinci da kuɗin mota tun da safe, don yunwa ce ke sa a saye wakili. Kada ya tashi sai an ƙirga, ya sa hannu, ya karɓi kwafin takardar sakamako ya ɗauke ta hoto. Ba tare da ita ba, ƙara a kotun zaɓe ba ta zuwa ko'ina.

In ka ci, kada ka tare a birni. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, don haka jama'a za su ƙara sa ido. Riƙe lissafin kowace rijiyar burtsatse da ajin makaranta da ka gyara, da wurin da kuɗin da aka kashe, domin da shi za ka nemi majalisar jiha.