Kano Zuwa Jidda: Inda Lissafin Awannin Tafiya Yake Ɓata wa Mutane

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda akwai wajen kilomita 3,400, kuma jirgin da ba ya yada zango kan ci su cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Lissafi ne mai sauƙi, amma a kansa ake yawan tuntuɓe.

Mafi yawan ruɗanin daga tikiti yake tasowa. Lokacin tashi da aka rubuta agogon Kano ne, na sauka kuwa agogon Saudiyya ne, wanda ke gaba da namu da awa biyu. Ka ga an rubuta tashi 22:00, sauka 05:00, sai ka ƙirga awa bakwai, alhali biyar ce. A dawowa abin ya juye: tashi 12:00, sauka 15:00, mutum ya ɗauka awa uku zai yi a sama. Gyaran shi ne ka cire biyu in za ka tafi, ka ƙara biyu in za ka dawo. Wanda zai tarbe ka kuwa, faɗa masa lokacin saukar yadda yake a rubuce, kada ka ce za ka taimaka masa da lissafi.

Wanda ya fi ciwo shi ne jirgin tsakar dare. In tikiti ya ce Talata 00:40, to Litinin bayan Isha'i ya kamata a gan ka a filin jirgi da jakarka. Mu mun saba kiran wannan lokaci "Litinin da daddare", kamfanin jirgi kuwa da sha biyun dare ta buga ya shiga Talata. Wanda ya zo Talata da daddare sai dai a ba shi haƙuri, ya sake zuba kuɗi.

Akwai kuma masu duba nisa a taswirar waya su yanke hukunci. Jirgi ba kullum yake bin miƙaƙƙiyar hanya ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazan Najeriya suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Haka tikitin mai sauƙin kuɗi da ke bi ta Adis Ababa ko Alƙahira: haɗa awannin jirage biyun da zaman jira kafin ka yi murnar arha, don yakan cinye yini guda.

Kuma sauka Jidda ba isa Makka ba ne. Ga layin duba fasfo, ga jiran kaya, ga mota ta fiye da awa ɗaya. Mai niyyar Umara ya sa haraminsa tun kafin ya hau jirgi, ko a filin da aka yada zango, domin ana wuce miƙati tun jirgi na sama, kuma banɗakin jirgi ba wurin ɗaura zane ba ne.