Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a darasin dokar laifuka

Yawancin makin da ɗalibi ke asara a wannan darasi yana zubewa ne a wuri ɗaya: ya ɗauki ma'anar da kalma take da ita a bakin jama'a ya ɗora wa doka. A kotu kuwa kowane laifi yana da sashensa a rubuce, kowane sashe yana da rukunansa, kuma sai an tabbatar da su ɗaya bayan ɗaya.

Tushen wannan shi ne sashe na 36(12) na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999: ba a hukunta mutum sai laifin da hukuncinsa suna cikin rubutacciyar doka. A shari'ar Aoko da Fagbemi ta 1961 an soke hukuncin da kotun gargajiya ta yanke wa wata mata kan zina, domin babu dokar da ta rubuta shi a matsayin laifi a yankin. Saboda haka kafin ka rubuta komai, duba inda abin ya faru. Arewa da Abuja kundin dokokin laifuka da ake kira Finalkod (Penal Code) suke bi, wanda ya fara aiki a 1960. Kudu tana bin nata kundin, Kiriminalkod (Criminal Code). Zamfara ta kafa kundin laifuka na Shari'ar Musulunci a 2000, wasu jihohi suka biyo baya, Kaduna kuma ta sabunta nata Finalkod a 2017. Wanda aka ba shi tambaya kan Kano ya kawo sashen Kudu, ya ɓata amsarsa tun daga layin farko.

Kuskure mafi tsada shi ne tsayawa a kan aiki a manta da niyya. Ɗauki sata a sashe na 286 na Finalkod. Sai kayan sun kasance masu ɗaukuwa, suna hannun wani, an gusar da su ba da yardarsa ba, kuma da niyyar rashin gaskiya. Wanda ya ɗauki wayar maƙwabcinsa a masallaci yana zaton tasa ce ya yi aikin, amma rukuni na ƙarshe bai cika ba, don haka babu sata. Idan kuma mai kayan ne ya damƙa su da hannunsa, wanda aka ba wa ya cinye, wannan cin amana ne, sashe na 311. Idan an haɗa satar da duka ko barazanar kisa, ta zama fashi, sashe na 296.

Haka abin yake a kisan kai. Ɗalibai na gaggawar rubuta hukuncin kisa da zarar sun ga gawa a tambaya. Sashe na 221 na Finalkod yana buƙatar niyyar kisa, ko sanin cewa mutuwa ce mafi rinjayen abin da zai biyo bayan aikin. Sannan a leƙa sashe na 222: idan an tunzura mutum tunzuri mai tsanani kuma na ba-zata har ya kasa mallakar kansa, laifin ya sauko zuwa wanda ba a kashewa a kansa, hukuncinsa na sashe na 224. A lura, tunzuri yana rage laifin ne kawai, ba ya wanke mutum. Wanda ya tafi gida ya kwana, ya dawo da wuƙa washegari, da wuya ya ci moriyarsa.

Sai batun wanda nauyin kawo hujja yake kansa. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulki ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya ɗora wa mai gabatar da ƙara ya kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana. Kada ka rubuta "mai laifi" kafin hukunci. A hannun 'yan sanda wanda ake zargi ne, a gaban alƙali wanda ake tuhuma. Amma idan ya ce taɓin hankali gare shi lokacin aikin, shi zai kawo hujjar hakan.

Mutane da yawa kuma ba sa bambanta sallama da wankewa. Wanda aka sallama don mai ƙara bai zo ba ana iya sake gurfanar da shi. Wanda kotu mai hurumi ta saurari shari'arsa ta wanke shi, sashe na 36(9) na Kundin Tsarin Mulki ya hana a sake tuhumarsa da wannan laifi, sai da umarnin kotun da ke sama da ita.