Shawara ga 'yan'uwanmu mazauna Amurka masu shirin tafiya da iyali

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa na Ringim da kewaye. Duk mai ɗa ko ƙane a Amurka ya isar masa da wannan saƙo kafin ya sayi tikiti.

Katin zama na dindindin a Amurka, wato green card, ba fasfo ba ne. Mai shi ɗan Najeriya ne har yanzu, da fasfon Najeriya zai yi tafiya, kuma ƙasashe irin su Ingila za su nemi biza daga gare shi. Idan akwai niyyar Umra, a tabbata fasfon kowa, har na jariri, yana da sauran wata 6 aƙalla.

Batun yara ne ya fi damuna. Yaron da aka haifa a can, mai fasfon Amurka kaɗai, ba zai shigo Najeriya ba sai da biza ko fasfon Najeriya, ko da mahaifinsa haifaffen nan ne. Idan uwa ce kaɗai za ta taho da su, ta riƙo takardar amincewar mahaifinsu da takardun haihuwa.

Mai katin zama kuma da zai wuce shekara 1 a gida, ya nemi izinin komawa tun bai baro Amurka ba, domin kada ya rasa zamansa.