Abin da ke kashe kifin ado a cikin gida

Duk wanda ya taɓa sayen kifin ado a Katsina ya san yadda abin ke faruwa. A kawo akwatin gilashi, a cika shi da ruwa, a zuba kifi takwas, yara su yi ta murna. Kafin sati biyu an fara tsamo gawa kowace safiya, sai a ce mai shago ne ya bayar da marasa lafiya. Sau da yawa ba ruwan mai shago, laifin na ruwan da ke cikin akwatin ne.

Kashin kifi da ragowar abinci suna haifar da amoniya, guba ce da ido ba ya gani, ruwa na iya zama garau amma yana ɗauke da ita. Masu cinye ta wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke zama a soson filta, wato na'urar tace ruwan akwatin, da jikin tsakuwa. Su ke mai da ita naitirayit, wadda ita ma guba ce, sannan su juya ta zuwa naitiret mai sauƙin illa. Kafin su yawaita a sabon akwati ana ɗaukar sati 4 zuwa 6. Wanda ya cika akwatinsa da kifi tun ranar farko ya jefa su cikin gubarsu ke nan. Ka fara da biyu ko uku, ka ƙara a hankali.

Kuskuren da ya fi ba ni tausayi shi ne na masu tsafta. Uwargida ta ga ruwa ya ɗan yi duhu, sai ta kwashe kifin a roba, ta zubar da ruwan duka, ta dirje gilashi da tsakuwa da garin sabulu, ta wanke soso tas a famfo. Ta yi aiki, amma ta kashe bakteriyar da aka yi wata guda ana jira, ga burbushin sabulu kuma. Abin da ake so shi ne a ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk sati a mayar da sabo, soson kuwa a matse shi cikin tsohon ruwan da aka ɗebe. A keɓe bokiti guda wanda sabulu ba zai taɓa shiga ba.

Shi ma sabon ruwan a duba daga ina ya fito. Na famfo, kamar wanda ake turowa daga madatsar ruwa ta Ajiwa, ana sa masa kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da ke cutar da kifi. A ɗiga masa maganin cire kulorin da masu kifi ke sayarwa, in babu a bar shi a buɗe ya kwana ya wuni. Na burtsatse ba shi da kulorin, sai dai yakan fito da ƙarancin iska, shi ma a bar shi ya huta. In a wurin mai ga-ruwa ka saya, ka shinshina jarkar, wata ta taɓa ɗaukar fetur.

Abinci kuwa, abin da za su cinye cikin minti biyu ya isa, sau ɗaya ko biyu a rana. A hana yara jefa musu burodi da tuwo.

Sai zafin bazara. A Afrilu Katsina kan kai maki 40, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai. In aka ɗauke wuta injin hura iska ya tsaya, za ka ga kifi sun taru a sama suna buɗe baki kamar masu roƙo. Ba yunwa ba ce, numfashi suke nema. Ƙaramin injin iska mai batir yana ceton su, kuma a nisanta akwatin daga tagar da rana ke bugawa. Kada a antaya ƙanƙara kai tsaye, sauyin sanyi farat ɗaya shi ma kisa ne. Gara a sa gorar ruwan sanyi a rufe ta yi ta yawo a sama.

Na taɓa rasa kifi shida a dare guda, sai da safe na tuna an fesa maganin sauro a falo bayan Isha'i, injin iska kuma yana ta zuƙo shi yana turawa cikin ruwa. Yanzu kafin a fesa sai na kashe injin, na lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen tawul, ba na kunnawa sai an buɗe tagogi warin ya fita.