Yadda na canza tayimin bel na Peugeot 406 a Katsina

Ƙarar shuu-shuu ce daga gefen injin ta sa na cire murfin robar tayimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawul. Bayan bel ɗin duk ya tsattsage, zafin Katsina ya gasa shi, tenshina kuma, wato wadda ke ɗame bel ɗin, tana rawa. A wannan injin, in bel ya tsinke fistin zai doki bawul, sai sauke kan inji.

Wajen saye aka sha ciniki. Wani mai safaya a Ƙofar Ƙaura ya miƙo min mai araha, ya ce, "Alhaji, duk ɗaya ne." Rubutun jikinsa da yatsa yake gogewa! Na ɗauki na kamfanin Gates a kwalinsa, na ƙirga haƙora, na gwada faɗi da tsohon. Ɗan Beljiyam kuwa, ko kyauta ba na so. Na haɗa da tenshina da famfon ruwa, tunda bel ɗin ne ke juya shi.

Kafin in sassauta komai, na cire batir, na daidaita maki, wato alamomin saitin injin, na soka ƙusa a ramin fulin kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, ta kulle shi. Da na ɗaura sabon, na zare ƙusar, na juya injin zagaye 2 da sifana. Ramin fulin da na jikin injin suka sake haɗuwa daidai, sannan na tayar. Ƙarar ta ɗauke.